Talatin da Shida da Silifan Malam Habu

Ran nan wani saurayi ya tsaya bakin rumfata a Zango, ko babur ɗinsa bai kashe ba, ya tarar ina ɗaura wayoyin ƙafar keke. Ya kalle ni, ya juya ya ce wa abokinsa, "Wannan ma aiki ne? Ka zura a rami ka murza, shi ke nan. Na gani a salula, minti huɗu aka yi." Na ce madalla, Allah ya ƙara ilimi. Na tashi daga kan kujerata na ba shi, na miƙa masa janti, wato zoben ƙarfen da taya ke hawa, da moyo, cibiyar da ke tsakiyar ƙafa, da wayoyi talatin da shida cif. Na ce tunda minti huɗu ne bari in je in yi alwala. Da na dawo daga sallar la'asar na same shi sharkaf da gumi, wayoyi biyar sun rage a hannunsa ba su da gida, sauran kuma sun tsaya ta ko'ina kamar gashin bushiya. Ya ce moyon ne ba shi da kyau. Na ce gaskiyarka, shekara talatin ina fama da shi, ya ƙi ya kalli salula ya koya.

To, ku da kuke ganin sana'ar nan zura waya a rami ce, ku zauna in ba ku labarin lamba guda. Sunana Lawali. Boko aji uku na yi na gudu, amma akwai lambar da na sani fiye da yadda na san 'ya'yan maƙwabcina, ita ce talatin da shida.

A wurin Baba Mele na koyi aiki, wani dattijo ɗan asalin Barno, mai ƙaramin jiki da babban baki. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa ƙafar keke ba. Aikina shi ne jera ƙwayoyi, 'yan ƙananan ƙarafan nan da ake murzawa a kan waya su riƙe ta a jikin janti. Yana da wani tsohon faranti, sai ya ce in jera su layi shida, kowane layi ƙwaya shida. Na ɗauka wulaƙanci ne kawai irin na masu gida. Wata rana na gaji na zuba su haka nan a tafin hannu na ce sun cika. Ya ce, "Jera." Na jera, sai ga kusurwa ɗaya wayam. Ya ce, "Yaro, wanda ya ƙirga da baki yana iya yi wa kansa ƙarya. Shida sau shida kuwa ko makaho ya shafa ya san an ci ɗaya." Daga nan ya sa na share rumfar gaba ɗaya da tafin hannu ina neman ƙwaya guda, alhali tana cikin aljihunsa.

Ƙafar da na fara ɗaurawa ta wani mai kai gawayi ce daga Takieta. Ga yadda abin yake, ko wani cikinku zai ji ya rage baki. Moyo yana da kunne biyu, hagu da dama, kowane kunne rami goma sha takwas. Janti yana da talatin da shida, ban da ramin bakin iska. Ba a zura wayoyin gaba ɗaya, zubi huɗu ake yi, kowane zubi tara. Taran farko, a moyo kana cika rami kana tsallake ɗaya, a janti kana cika ɗaya kana tsallake uku. Ka juya ƙafar ka yi tara na biyu a ɗaya kunnen. Sannan ka murɗa moyon har wayoyin su kwanta gefe, ka kawo tara na uku ta kishiyar hanya, kowace waya ta ƙetare 'yan'uwanta uku, ta bi bayan biyu ta shiga ƙarƙashin ta ukun. Tara na huɗu haka nan. In ka yi daidai, waya ta ƙarshe za ta tarar da raminta yana jiranta. Ni ran nan komai ya cika, na ɗaga ƙafar ina washe baki. Baba Mele ya karɓa, ya miƙo mini famfo ya ce in sa iska. Ashe na bar wayoyi biyu sun gicciye daidai kan bakin iskan, famfo ba shi da hanyar shiga. Ya ce, "Kyakkyawan aiki. Sai dai mai gawayi ya riƙa hura ta da baki." Na kwance duka na sake.

Ɗaurawa ma rabin aiki ce. Sauran rabin shi ne miƙar da ƙafar, kuma nan ne masu salula suke guduwa. Kayan aikin ba su da yawa: kile ɗan ƙarami mai tsaga da ke kama ƙwaya, guntun alli, da cokalin wani tsohon keke da aka kafa a gwangwanin siminti don ƙafa ta juya a kai. Ka juya ta, ka kusantar da alli, inda ya taɓa nan ta karkace. Ka sassauta wayar wannan gefe rubu'in murɗa, ka ƙara wa ta wancan gefe rubu'i. Ka gyara nan, can ya lalace, domin kowace waya tana ja da sauran talatin da biyar. A ƙarshe ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙyastawa da farce kana saurara. Ƙafa mai lafiya murya ɗaya take da ita. In ka ji wata ta yi siririyar ƙara wata ta yi ɓam, to akwai mai aiki akwai mai barci, kuma mai aikin ce za ta fara tsinkewa.

Da Baba Mele ya rasu ya bar mini rumfar da kilensa da baƙin kekensa, irin mai nauyin nan na da. Ƙafafunsa duka biyu shi ya ɗaura su da hannunsa tun ban zo duniya ba, ko sau ɗaya ban sa musu kile ba. Shi nake hawa zuwa aiki, a jikin ginshiƙin rumfa nake jingina shi kullum, ina goge shi fiye da yadda nake goge fuskata. Ku riƙe wannan keken a ranku, zai dawo.

Cikin masu zama a bencina akwai Mushe Isufu, haka muke kiran malaman boko a nan, malamin lissafi a lise, wato babbar sakandare. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya ganin abu ya ƙyale shi sai ya ba shi suna. Wata rana ya ga farantin ƙwayoyina sai ya miƙe tsaye kamar an kira shi a aji.

Ya ce, "Lawali, ka san abin da kake riƙe da shi kuwa? Murabba'i ne, shida sau shida. Kuma in ka tara ɗaya da biyu da uku har zuwa takwas, nan za ka sauka, wato ita lamba mai kusurwa uku ce kuma. Ba kowace lamba ke haɗa biyun nan ba."

Na ce, "Ikon Allah. Ita ta sani?"

Bai kula ni ba. Ya ɗauki allina ya hau rubutu a jikin ƙofar langa-langa. Ya ce lambobi tara ne ke raba ta ba saura: ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida, tara, sha biyu, sha takwas, da ita kanta. Ya ce yawancin lambobi masu raba su bibbiyu suke zuwa, kowane da abokinsa, biyu da sha takwas, uku da sha biyu, huɗu da tara, amma shida ba ta da aboki sai kanta, shi ya sa aka tashi da tara. Sannan ya ce in ka ajiye ita kanta gefe ka tara sauran, hamsin da biyar za ka samu, sun fi ta yawa, don haka masana suke kiranta lamba mai wadata.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Mushe. Ashe dai akwai mai wadata guda a rumfar nan."

Dariya na yi masa, amma a raina na yi mamaki, domin abin da ya rubuta a ƙofa shi ne abin da hannuna ke yi tun ina saurayi. Biyu da sha takwas kunnuwan moyo ne. Huɗu da tara zubin ɗauri ne. Shida da shida farantin Baba Mele ne. Na shekara ina cin tuwo da lamba ban san tana da sarauta har uku ba.

Yanzu sai Malam Habu. Mutumin Zermu ne, shan inna ta kama shi tun yana goye, ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba. Tela ne, da keken ɗinki na hannu, kuma in ya yi maka aljihu sai rigar ta mutu ta bar aljihun. Shekarunsa na farko a Damagaram da rarrafe yake zuwa kasuwa, silifa biyu a tafin hannu, guntayen taya ɗaure a gwiwa. Duk wanda ya gan shi a hanya sai ya laluba aljihu, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar wannan. Ya yi ta tari har ya sa wani mai walda ya ƙera masa keke mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu, da akwati a baya na ɗaukar keken ɗinki. Ranar da ya karɓo shi rumfata ya fara zuwa a sa masa iska. Ina durƙushe ina famfo sai na ji abu ya faɗa kan rufin kwano, kwaram, kwaram. Silifansa ne ya wurga.

Ya ce, "Lawali, ka zama shaida. Hannun nan daga yau ɗinki da tuƙi da cin tuwo. In ka sake ganinsa a ƙasa, to sujada nake yi."

Shekara tara ni ke duba masa ƙafafun keken nan. Bai taɓa ce mini in yi a hankali ba, bai taɓa tsayawa ya duba abin da na yi ba. Sai ya koma kan benci, ya fito da allura yana yi wa wani maɓalli, yana zagin shayin mai shayin gefenmu, in na ce an gama ya hau ya tafi.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da aka rufe iyaka kayan gyara suka yanke. Ku a lokacin kukanku tsadar man babur ne, mu kuwa ko waya guda sai ka zagaye gari. Na koma kwance matattun kekuna ina miƙar da tsofaffin wayoyi da guduma a kan dutse. Janti sabo ya zama labari. Abin da ya rage a kasuwa sai na kekunan gwanjo marasa nauyi, waɗanda 'yan gayu ke hawa da gajeren wando, su kuma raminsu talatin da biyu ne.

Cikin bazarar shekarar, ran wata Litinin, amalanken jaki ta ja da baya ta taka ƙafar hagu ta keken Malam Habu a inda ya ajiye shi. Jantin ya tsage, ba ya gyaruwa. Wasu 'yan kasuwa suka ɗoro shi da keken a amalanken suka kawo mini. Na duba, moyon lafiya lau, kuma dole shi za a mayar, domin mai walda ya ƙera shi ne daidai sandar keken, wani ba ya shiga. Raminsa talatin da shida. Na kwana biyu ina yawo, na je wurin duk wanda na sani a sana'ar, har na aika Takieta wurin wani tsohon abokin koyo. Janti mai girman da nake so guda ɗaya na samu, mai talatin da biyu.

Ran Laraba na ce masa, "Malam, ba ya yiwuwa. Sai dai ka yi haƙuri har kaya su shigo."

Ya ce, "Yaushe za su shigo?"

Na ce Allah ne masani.

Ya ce, "Gobe Alhamis, babbar kasuwa. Ina da kayan mutane a akwatin nan na yi alkawarin gobe. Kwana biyu ke nan ana ɗaukata kamar buhun gero, a sauke ni a ɗora ni, har bayan gida sai na jira wani. Ka ce mini in yi haƙuri, to da me zan je? Ka san abin da na ce a nan wurin."

Yana maganar nan ya ɗan kalli ginshiƙin rumfa, inda baƙin keken Baba Mele yake jingine, sannan ya kawar da kai. Girman ƙafar baƙin keken ɗaya da ta keken Malam Habu, raminta talatin da shida. Na ga kallon sarai. Na sunkuya na yi kamar ina neman kile, alhali yana hannuna.

Mushe Isufu yana kan benci yana jin mu. Ya karɓi moyon ya ƙirga, ya karɓi jantin ya ƙirga, idonsa ya yi haske. Ya ce talatin da biyu matalauciyar lamba ce, biyu ce kawai ake ta ninkawa har sau huɗu, in ka tara masu raba ta ban da ita kanta talatin da ɗaya za ka samu, ko kanta ba ta cikawa. Amma, in ji shi, akwai inda suka haɗu da talatin da shida: huɗu tana raba su duka. Ya zana da'ira a ƙofata ya raba ta huɗu. Ya ce, "Ka gani? Kowane rubu'i moyo yana da rami tara, janti yana da takwas. Ka bar rami ɗaya wofi a kowane rubu'i, biyu a wannan kunne suna kallon juna, biyu a wancan. Nauyi ya rabu daidai. Ai abin a fili yake."

Na ce, "Mushe, ba a yin haka."

Ya ce, "Don me?"

Nan fa aka kama ni. Hannuna ya san dalili, bakina bai sani ba. Abin da kawai zan iya cewa shi ne Baba Mele bai taɓa yi ba, kuma wannan ba amsa ba ce a gaban mai alli. Mutane sun fara taruwa suna kallon zanen, wani yana cewa ai boko gaskiya ne, wani ya ce wataƙila dai Lawali bai iya ba ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta shige ni. Kar ku ɗora wa Mushe laifi, shi bai taɓa riƙe kile ba. Ni ne na san cewa zanen ya ba ni hanyar da zan tsira da sunana in kuma tsira da keken maigidana, na kama ta hannu biyu.

Na zauna na ɗaura. Tun a zubi na uku ƙafar ta fara gaya mini gaskiya. Da ramukan suna daidai, waya talatin da shida tsawonsu ɗaya ne, kowace tafiyarta ɗaya da ta 'yar'uwarta. Da na tsallake rami, sai wadda ke kusa da wofin ta zama tafiyarta ta yi nisa, ta gaba da ita ta yi kusa, kowace da nata tsawon da take nema, ni kuwa tsawo ɗaya gare ni, shi ma na tsince-tsince. Wasu ƙwaya ta kama su da murɗa biyu kacal. Wasu na murza har ƙarshe suna nan sako-sako, na ɗan lanƙwasa su a wurin gicciye don su yi kamar sun ɗaure. Da alli da rubu'in murɗa na yi ta lallashinta har ta miƙe. In ka juya ta a kan cokali ba ka ganin ko ɗan rawa. 'Yan kallo suka yi ta jinjina, Mushe ya ce a rubuta wannan a littafi. Da suka watse na bi wayoyin da farce. Murya ta fi goma na ji. Na san ma'anar wannan kamar yadda na san sunana, na sa taya na rufe.

Akwai kuma abin da na sani wanda ba ya cikin zanen. Keke mai ƙafa biyu in zai sha kwana kwantawa yake yi, nauyi ya bi tsayin ƙafar. Mai ƙafa uku ba ya kwantawa, duk nauyin sai ya tura ƙafar waje ta gefe, inda ta fi rauni. Na ce wa Malam Habu ya riƙa shan kwana a hankali. Ya ce, "Yau kuma? Shekara tara ba ka taɓa ce mini haka ba." Na ce ai sabon janti ne. Ya yi mini godiya, ya yi mini addu'a har da iyayena, ya hau ya tafi.

Washegari bayan azahar, lokacin da kwalta take narkewa har takalmi na mannewa, na ɗaga kai daga aiki sai na hango mutane sun yi cincirindo a hanyar da ta fito daga Kasuwar Dole, suna tafe a hankali suna kallon ƙasa. Da suka matso sai na ga abin da suke kallo. Malam Habu ne yake tahowa da rarrafe, ba silifa a hannu, ba taya a gwiwa. Bayansa wasu mutum biyu suna turo keken, ƙafar hagu ta naɗe kamar faifan da aka zauna a kai. Daga baya aka ba ni labari: a kwanar shiga kasuwa, inda hanya ta ɗan gangara, ƙafar ta lanƙwashe lokaci guda, ya faɗo gefe, akwatin ya buɗe, kayan mutane suka watse a ƙasa. An yi an yi a ɗauke shi ya ƙi. An kawo kabu-kabu ya ƙi. Ya ce wurin da zai je da hannunsa zai je. A hanya wata baiwar Allah da ba ta san shi ba ta jefa masa sadaka a gabansa, ya kewaye ta ya wuce.

Ya iso inuwar rumfata ya zauna, ya ɗora hannuwansa a cinya tafin yana sama. Fatar ta tashi, wani wuri ta saɓule, da baƙin kwalta a ciki. Na tsaya da kile a hannu. Na so ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya ce, "Lawali, lissafin naku ya yi kyau. A kwana ne kawai bai iya tafiya ba."

Sannan ya nemi ruwa. Da na kawo, bai iya riƙe kofin ba, sai da na riƙe masa.

A gabansa na jawo baƙin keken Baba Mele na kifa shi, na cire ƙafar gaba, na kwance wayoyin da maigidana ya ɗaura, ɗaya bayan ɗaya. Aikin da zan yi tun ran Litinin ke nan cikin awa biyu. Na jera ƙwayoyin a faranti, shida sau shida, ba kusurwar da ta rage. Na yi zubi huɗu na tara-tara a kan moyonsa, na miƙar, na bi da farce, murya ɗaya. Ba wanda ya jinjina mini, ba wanda ya ce a rubuta a littafi. Malam Habu kuwa ranar bai iya tuƙa shi ba, turo shi aka yi har gida. Sati uku hannunsa na naɗe, ba ɗinki, ba tuƙi, kayan mutane sai wani tela ya ƙarasa.

Mushe Isufu ya zo washegari da takarda cike da zane, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ya ce ya kwana yana dubawa, rabon ramukan daidai ne, tsawon wayoyin ne bai sa a lissafi ba. Na ce ba komai, a takarda ai har yanzu ƙafar tana tafiya. Daga nan sai na tuna shi mantawa ya yi, ni kuwa ban manta komai ba. Shi ne ya riƙa kai wa Malam Habu magani yana wanke masa hannun, kuma tun daga ranar in zai faɗi sarautar wata lamba sai ya fara tambayata ko ƙarfe ya yarda. Ni kuma na yi wata bakwai ina zuwa aiki a ƙasa daga bayan Birni, har kaya suka shigo. Mutane suna ce mini kai, Lawali, ka yi halin girma, ka ba da keken maigidanka. Nakan ce a'a, na makara ne da kwana uku.

Jantin nan da ya naɗe shi ne kuke gani rataye a saman ƙofa, wanda kuke tambayata ko magani ne. Magani ne mana. Duk wanda ya zo mini da moyo mai talatin da shida da janti mai talatin da biyu yana cewa a yi dabara, ai huɗu ne kawai bambanci, shi nake nuna masa. In ya nace, sai in ce ya kai wa mai salula, minti huɗu ne.

Malam Habu har yau abokin cinikina ne, bai taɓa kai kekensa wani wuri ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Ƙafar da na ɗaura masa ranar tana nan, shekara da shekaru ko waya ɗaya ba ta tsinke ba. Har yanzu yana zama a benci yana zagin shayin mai shayi. Abu biyu ne kawai suka canja. In na ce an gama, kafin ya hau sai ya sa yatsa ya bi wayoyin yana motsa leɓe har ya kai talatin da shida. Na biyun kuma na gan shi ne ranar da ya fara fitowa bayan hannunsa ya warke. Na durƙusa zan sa masa iska, sai idona ya kai ƙarƙashin kujerar keken. Sababbin silifa ne guda biyu, ɗaure da igiyar roba, an ɓoye su can ciki inda ba mai gani sai wanda ya durƙusa da famfo.

Duk zuwan da zai yi sai na leƙa, ina cewa ko wannan karon ya cire su. Jiya ma ya zo, suna nan.